Yatsun Kaka

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da ƙawata 'yar Kumasi. Garin bai gama wayewa ba, sanyin kaka ya fara cizo a unguwarmu ta Mount Hope, ba kowa a bakin titin Grand Concourse sai masu share ƙofar kanti da motar kwasar shara. Maigidana ya leƙo ta taga yana tambaya wai Legas za mu je ne, da har na goya jaka. Ban kula shi ba. A cikin jakar ba komai sai sallaya, da laima, da wani kwalin faifan garmaho wanda babu faifan a ciki. Saboda wannan kwalin muka fito, don haka bari in fara gaya muku na wane ne.

Aikina kula da tsofaffi. Shekara biyu ke nan ina kwana huɗu a mako, Litinin zuwa Alhamis, a gidan wata tsohuwa 'yar Japan can Staten Island, sama da Port Richmond kaɗan. Ni Kaka nake ce mata. Ta haura tamanin, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya ne kuma yana can wata jiha a yamma. Mantuwa ta kwashe mata Turanci kaf, sai 'yan kalmomin yarensu suka rage, don haka ni ma na daina wahalar da kaina, Hausa nake yi mata tsantsa. Ina yi mata tsegumin maƙwabta, ina ba ta labarin Kano, tana kallona tana gyaɗa kai. A haka muka saba, kuma wallahi ina son matar nan.

Tun ƙarshen bazara ta fara ƙin abinci. Cokali biyu, ta kawar da kai. Ta rame har zoben hannunta yana zamewa. Ɗan ya kira ni, cikin ladabi dai, ya ce ranar Alhamis mai zuwa za a auna ta, in ta sake raguwa zai mayar da ita gidan tsofaffi. Ban ga laifinsa ba. Amma na san Kaka, ko labulen ɗakinta aka canja sai ta kwana biyu ba ta yi barci ba, balle a raba ta da gidan gaba ɗaya. A 'yan makonnin nan kuwa abu ɗaya take riƙewa, wannan kwalin, da ta zaƙulo daga ƙasan durowa. Hoton wata budurwa ne a bakin teku, ga rubutun Japan a jikin wata 'yar ɗamarar takarda. Takan zura hannu ciki, ta ji wayam, ta dube ni. Ɗan ya ce faya-fayanta duk ruwa ya cinye su shekarun baya da ɗakin ƙasa ya cika, ya zubar har da garmahon. Sai na ce a raina, birnin nan da ake sayar da komai, a ce ba a samun faifai ɗaya?

Abu ɗaya ne ban taɓa damuwa da shi a lamarin Kaka ba, wato ibadarta. Kusan kullum, in na idar da La'asar a kusurwar falo ina tasbihi da yatsu, sai in ga ita ma ta ɗora hannun dama a cinya, babban yatsa yana motsi, sauran suna binsa, leɓenta yana rawa a hankali. Ban san me take bauta wa ba, ban kuma tambaya ba. A gidanmu an koya mana in babba yana lazimi ba a tsaya masa a kai. Don haka da ta fara sai in kashe rediyo, in naɗe sallayata, in sulale kicin in ja mata ƙofa. Har yabon kaina nake yi a kan wannan tarbiyya.

To, mu koma hanya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka shiga, kusan dala uku kowa. Jirgin sassafen Asabar na masu dawowa daga aikin dare ne, kowa ya jingina kai da gilashi, ba mai ƙarfin kallon wani. Ƙawata ta buɗe fulas ɗin koko da ƙosai a leda. Kokonsu na Zangon Kumasi yaji ne zalla da citta, kurɓa ɗaya sai da na nemi hanci na rasa. Na ce mata wannan ai maganin mura ne, ba karin kumallo ba. Ta ce mu Kanawa ruwan wanke ƙwarya muke sha muna ce masa koko. Da wannan gardamar muka tsallaka Harlem, kuma ni na shanye fiye da rabi.

Zangonmu na farko wata kasuwar tsofaffin kaya ce a tsakiyar Manhattan, wadda ke ci a filin ajiye motoci duk ƙarshen mako. Ƙawata ce ta ce mu yi sammako, wai kayan kirki kafin takwas ake kwashe su. Jama'a, na ga abin mamaki. Tsofaffin makullai da ba a san ƙofarsu ba, hotunan bikin mutanen da ba wanda ya san su, 'yar tsana mai ido ɗaya. Na ga kwanon sha mai fenti, irin wanda mahaifiyata ta mayar na ba kaji ruwa, an liƙa masa dala arba'in, wata Baturiya tana juya shi kamar ta tsinci zinariya. Na yi niyyar in na je gida sai na bi gidajen dangi da buhu.

Masu faya-fayai suna can ƙarshen layi. Mun tsuguna a kan akwatuna har gwiwata ta fara ƙara, duk wanda na nuna wa kwalin sai ya girgiza kai. Muna cikin mita da Hausa sai muka ji murya daga bayan wani tebur mai cike da tsofaffin rediyoyi da dutsen guga.

"Hajiya, mi kuke biɗa haka tun da sahe?"

Wani dattijo ne mutumin Maraɗi, da hularsa da jibgegiyar rigar sanyi. Bayan mun gaisa ya karɓi kwalin ya juya shi. "Wanga ba nan za ku same shi ba. Ku tahi Brooklyn, akwai wani Bajapane shina da butik ƙarƙashin bene, irin su kaɗai yaka saidawa. Amma sai sha biyu shika buɗewa. To in kun samu, da mi za ku sa shi?"

Sai a lokacin na tuna ba mu da garmaho. Ya sunkuya ya jawo wani akwati mai ruwan ƙasa, ya buɗe, ya ce, "Wala, ga shi." Ya jona shi a batir ya gwada mana, yana juyawa lafiya lau.

"Ei, Alaji," in ji ƙawata, "wannan akwati ya girme ni. Ka yi mana farashin 'yan gida, ba na Obroni ba, mu ba Turawa ba ne."

Ta yi ta jan sa har ya sallama a dala talatin, ya ƙara mana da sabuwar allura, ya zana mana hanya a bayan takardar burodi. Abin da bai faɗa mana ba shi ne nauyin akwatin. Yini guda muka yi muna karɓa-karɓa da shi, duk matattakalar da muka hau sai mun tuna da shi ba da alheri ba.

Mun isa unguwar da ya kwatanta tun goma da rabi, sai muka samu benci a bakin kogi muka zauna. Unguwa ce tsaf, shiru, kowa da karensa, har na ga wani kare da rigar sanyi da ta fi tawa kyau. Na sayi kofi a wani shago dala shida, ɗan mitsitsin kofi, na sha shi a hankali saboda baƙin ciki. Amma zaman ya yi daɗi. Rana ta fito, dogayen benayen Manhattan suna ƙyalli a tsallaken ruwa, ba mai kiran sunana, ba wanda zan ba magani. Shekara tara ina garin nan, ban taɓa zama na kalli kogin ba sai ranar.

Sha biyu daidai aka buɗe shagon. Matattakala shida ake sauka, ciki yana ƙamshin tsohuwar takarda kamar ɗakin littattafan mahaifina. Mai shagon dattijo ne siriri mai furfura da tabarau. Da hannu biyu ya karɓi kwalin, har da ɗan rusunawa, ya karanta ɗamarar takardar a nutse. Ya ce ya san faifan, tun yana yaro ya fito, amma ya yi shekaru bai ga irinsa ba. In muna so zai sa a nemo a Japan, wata ɗaya ko biyu. Ni kuwa kwana biyar gare ni. Na ajiye akwatin a ƙasa na gaya masa halin da ake ciki.

Da ya ji labarin Kaka sai ya ce mu dakata. Ya shiga bin layi da yatsa, ya zaro wani faifai na zamani ɗaya da nata, ya ce mawaƙiyar daban ce amma kiɗan iri ɗaya ne, sunansa bossa nova. Ya yi mana bayani yana goge faifan da ƙyalle. Ashe kiɗan ba na Japan ba ne asali, daga Brazil ya zo. Can suna da wani kiɗan ganguna mai zafi da suka gada daga bayin da aka kwaso daga Afirka, sai wasu samari suka sassauta shi, suka sauke murya, suka ɗora wa jita aikin ganga. Da ya isa Japan, matasan lokacin suka rungume shi, ana sa shi a gidajen shan kofi, mawaƙansu suka riƙa ɗora waƙoƙin yarensu a kai. Ƙawata ta zungure ni ta ce ashe kayanmu ne ya yi yawon duniya ya dawo da sanyin hali.

Ya ɗora allura. Muryar mace ce can ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin jariri ba ta so ya farka, jita tana bin ta a baya. Daɗi dai ba a magana. Ina cikin saurare idona ya sauka a hannun mai shagon. Ya ɗora shi a cinya, babban yatsa yana sauka a kai a kai, sauran ukun suna fizga tare, leɓensa yana motsi. Daidai irin na Kaka. Na ce masa don Allah me yake yi da hannu? Ya yi dariya ya ce bai ma san yana yi ba. Ya sauko da wata jita daga bango ya nuna mana: babban yatsa ne ke riƙe da tsarkiya mai kauri, ba ya sauri ba ya jinkiri, sauran yatsun kuma suna shigowa a tsakani, wani lokaci kafin a zata, wani lokaci bayan an zata. Ya ce duk wanda ya taɓa koyon kiɗan nan, hannunsa ba ya mantawa, kuma 'yan mata da yawa sun koya a wancan zamani.

Shekara biyu. Shekara biyu matar nan tana kaɗa jita a cinyarta, ni kuma ina kashe mata rediyo ina ja mata ƙofa. Da na faɗa wa ƙawata sai ta zauna a kan akwatin garmaho tana dariya har da hawaye. "Sista, ke kin mai da Kaka waliyyi! Saura kaɗan ki kai masa sadaka ya yi miki addu'a." Na yi dariyar nima, amma kunya ce ta cika ni. Na biya dala ashirin da biyar, mai shagon ya zura faifan cikin kwalin Kaka da kansa, ya ce mu je mu gwada.

Daga nan jirgi biyu muka canja zuwa bakin ruwa, muka shiga jirgin fiton Staten Island. Wannan kam kyauta ne, kuma a garin nan duk abin da aka ce kyauta sai na sake tambaya. Duk mako ina hawansa, amma kullum a ciki nake zama ina gyangyaɗi. Ranar muka tsaya a waje tare da baƙi masu ɗaukar hoto, iska tana neman tafiya da mayafina, tsuntsayen teku suna bin mu. Muka sauka muka hau bas zuwa Port Richmond, muka yi Azahar a wani ƙaramin masallaci da ke saman kanti. Titin cike yake da shagunan 'yan Meziko, kiɗa yana tashi ta kowace ƙofa, a tsakiyarsu ga wata 'yar Ghana mai abinci. Muka ci shinkafa da wake da baƙin yaji da dafaffen ƙwai, dala goma sha biyu faranti, mutum biyu muka kasa cinyewa.

Wajen ƙarfe huɗu muka hau tudun gidan Kaka. Mai kula da ita a ƙarshen mako, wata 'yar Laberiya da ke zaune a Park Hill, ta buɗe mana tana mamakin ganina ranar hutu. Ta ce tun safe shayi kawai ta sha. Kaka tana kujerarta a bakin taga. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata kwalin. Ta zura hannu kamar yadda ta saba, ta ji abu a ciki, ta tsaya cak. Muka jona garmaho, muka ɗora faifai, muka zuba mata ido mu uku.

Ba abin da ya faru. Waƙar farko ta ƙare, ta biyu ta ƙare, Kaka tana kallon bishiyar waje kamar ba ta ji. Wataƙila taron da muka yi mata a kai ne, wataƙila don ba muryar da ta sani ba ce. Na ji duk gajiyar yinin ta sauko min a kafaɗa. Na ɗage allurar, na ce bari in yi La'asar kafin lokaci ya fita.

Na shimfiɗa sallaya a kusurwar da na saba. Na sallame, na fara tasbihi, babban yatsa yana bin gaɓoɓin sauran. Na ɗaga ido ke nan sai na ga Kaka ta juyo daga taga, hannuna take kallo. Ta ɗora nata a cinya ta fara. A nan ne sauran abin ya faɗo min. Ba daidaituwa ba ce ta sa kullum bayan La'asar take farawa. Yatsuna take gani suna motsi, ta ɗauka na fara kiɗa, ta shigo mu yi tare. Ni kuma da ta shigo sai in tashi in bar ta. Yadda na ɗauke ta mai lazimi, haka ita ma ta ɗauke ni makaɗiya, sai dai ita kusantowa take yi, ni ina gudu.

Na ƙarasa tasbihina tukuna, na shafa. Sannan na jawo kujera na zauna gwiwa da gwiwa da ita, na yi wa ƙawata alama ta sauke allura. Jita tana shigowa hannun Kaka ya faɗa daidai a kanta, ko gashi bai kauce ba. Muryarta ta fito siririya, ba kalmomin faifan take faɗa ba, tata waƙar take ɗorawa a kai, ina jin ta cikin wancan faifan da ruwa ya ci ce. Na gwada kwaikwayon hannunta. Ta dube ni ta ɓata fuska, ta kama babban yatsana ta gyara masa zama, ta ɗan mare shi. Ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun kafin azumi.

'Yar Laberiya mace ce mai dabara, ta shige kicin ta ɗumamo kunun shinkafa. Tsakanin waƙa da waƙa nake miƙa cokali, Kaka tana karɓa ba tare da ta lura ba, don hankalinta yana kan kada in ɓata mata kiɗa. Kafin a juya faifai ta sha rabin kwano. Muka kira ɗan ta bidiyo muka juya masa waya. Ya zuba mata ido. Sai ya ce shekararsa hamsin da wani abu, bai taɓa sanin mahaifiyarsa ta iya jita ba.

Mun bar mata garmahon, kafaɗunmu suka yi godiya. Magariba ta same mu a kan ruwa, fitilun birni suna kunnuwa, ƙawata tana barci a kafaɗata da sauran shinkafa a leda. Bayan Isha kaɗan muka shiga Mount Hope. Maigidana ya dubi jakata ya ce duk wannan sammakon ko tsarabar biredi babu? Na ce masa ya bari in cire takalmi tukuna, labarin dogo ne.

Jiya Alhamis aka auna ta. Ba ta ƙaru ba, amma ba ta ragu ba, karon farko tun bazara. Ɗan ya ce a bar maganar gidan tsofaffi zuwa sabuwar shekara a gani. Ban san abin da sabuwar shekara za ta zo da shi ba, wannan na Allah ne, amma hankalina a kwance yake. Abin da na koyo a tafiyar nan bai wuce ɗaya ba. Kawaicin da aka raine mu da shi abu ne mai kyau, ba zan yar da shi ba, sai dai na gane akwai lokacin da ja wa mutum ƙofa don girmamawa barinsa ne shi kaɗai. Da na zauna sau ɗaya na kalli hannunta da kyau, da ba mu yi asarar shekara biyu ba.

Yanzu mun yi tsari. In na idar da La'asar sai ta ɗora hannu a cinya ta jira, ba ta farawa. Nawa daban, nata daban, kuma ta gane haka ba tare da na faɗa mata ba. In na shafa addu'a sai in jawo kujera, in sauke allura, mu shiga nata. Har yau ban iya ba, kullum sai ta mari yatsana. Ƙofar kicin ɗin kuwa na sa mata dutse, a buɗe take.